Ƙaramin jirgin sama a Nijar: Cessna 172, Cessna 182, Diamond DA40 NG ko ULM?

Duk mai harka tsakanin Yamai da Tawa ya san lissafin hanyar: kusan kilomita 550 ta Dosso, Dogonduci da Birnin Ƙonni, wuni guda ke nan a cikin kat-kat. Ta sama kilomita 370 ne, ƙasa da awa biyu. Agadas kuwa kusan 950 ta ƙasa, 735 ta sama. Wannan lissafi ne ke sa ɗan kasuwa ko mai kamfanin gine-gine ya fara leƙa tallan ƙananan jirage a intanet. Sai dai tallan nan don mutanen Turai da Amurka aka rubuta shi, inda kowane ƙaramin fili yake da famfon mai da makaniki. A ƙasar nan, man da jirgi ke sha shi ke yanke hukunci tun kafin a zo maganar kuɗin saye.

Jirage huɗu za mu auna, don su ne mai nema zai fi cin karo da su: Cessna 172, Cessna 182, Diamond DA40 NG, da ƴan ƙananan nan masu kujera biyu da ake kira ULM.

Ma'aunan da za a bi

Na farko mai. Iri uku ne. Akwai avgas 100LL, shuɗin mai mai darma a ciki, wanda yawancin injinan kamfanonin Lycoming da Continental ke sha. A Afirka ta Yamma yana da wuyar samu, galibi a ganga mai lita 200 yake zuwa, kuma da tsada. Akwai Jet A-1, kananzir na jirgi, wanda manyan jirage ke sha, saboda haka ya fi sauƙin samu a filin Diori Hamani na Yamai. A sauran filaye sai an yi waya tukuna an tabbatar. Sai kuma isansin mota, wanda wasu injina suka yarda da shi bisa sharaɗi. Wanda ya sayi jirgin avgas bai tanadi hanyar ganga ba ya sayi abin da zai zauna a ƙasa.

Na biyu zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela da inji duk suna jin haka. Lissafin matuƙa shi ne: a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya haura ma'aunin zafin da aka ɗauka a matsayin na al'ada a tsayin wurin, a ƙara ƙafa 120 a kan tsayin fili. Filin Tawa yana kusan ƙafa 1,270 sama da teku. A ranar Afirilu mai digiri 43, jirgi zai ji kamar yana tashi daga ƙafa 4,900. Yamai a wannan zafin ƙafa 4,300 ne, Agadas ya wuce 5,000. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Ke nan inji mai ƙarfin doki 180 ya koma kusan 155 tun bai bar ƙasa ba.

Na uku makaniki da kayan gyara. Jirgi mai lambar 5U, wato mai rajistar Nijar, yana ƙarƙashin ANAC-Nijar, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma ba kowa ke sa hannu a littafin gyaransa ba sai mai lasisi. Canjin baƙin mai na inji kowace awa 50, babban bincike kowace awa 100 da kuma shekara-shekara. Tambayar da za ka yi wa kanka: wa zai yi, a ina, kuma kwana nawa kayan ke ɗauka kafin su fito daga duwan?

Na huɗu irin filin da za a riƙa sauka, kwalta ko jar ƙasa. Na biyar kuɗi, na saye da na kowace awa. Na ƙarshe haɗari: in inji ya mutu tsakanin Abalak da Agadas, da wane gudu jirgin zai taɓa ƙasa?

Cessna 172

An fara sayar da shi a 1956, an ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya. Amfanin wannan yawa shi ne duk makanikin ƙananan jirage ya san shi, kuma kayansa ba sa ɓata. Jikinsa na alminiyam ne, fiffikensa a sama yake, yana yi wa mutanen ciki inuwa kuma ba ya kusa da ƙaya da tsakuwa.

Amma 172 iri-iri ne, kuma a nan masu saye ke ruɗewa. Na zamani, 172S, yana da Lycoming IO-360 mai doki 180, iyakar nauyin da aka yarda ya tashi da shi kilo 1,157, tankinsa na ba da lita 200, yana shan lita 32 zuwa 38 a awa, gudunsa kusan kilomita 210. In an cika tanki, abin da ya rage na mutane da kaya kusan kilo 250 ne: manya uku da ƴar jaka. Kujera huɗu ce, amma a bazara a ɗauke shi a matsayin jirgin mutum uku, da azahar ma biyu. Nisan da yake bukata kafin ya haye tsayin mita 15 kusan mita 500 ne a bakin teku da sanyi. A Tawa da digiri 40 ya doshi 700, kuma jadawalin da ke cikin littafinsa a digiri 40 ya tsaya. Abin da ya wuce haka, ba ka da lissafin kamfani a hannu. Shi kuma avgas kaɗai yake sha.

Tsohon 172M na shekarun 1970, mai O-320 doki 150, ya fi rauni, tankinsa na asali lita 144, amma ana iya saya masa takardar izini ta musamman da ta halatta masa isansin mota marar etanol. Wannan ya warware matsalar ganga, ya buɗe wata: isansin mota yana saurin zama tururi a cikin tiyo idan jirgi ya daɗe a rana, inji ya yi tari a daidai lokacin tashi. Wanda zai bi wannan hanya, tashin asuba ne nasa, da mai sabo daga gidan mai sananne, a tace shi da mazurari mai raba ruwa. Man kwalba na bakin titi ba ya cikin zance.

Hanya ta uku ita ce 172 da aka sa wa injin Continental CD-155, mai shan Jet A-1, lita 20 zuwa 25 a awa, da turbo. Ba a yi wa wannan inji gyaran garambawul, canza shi ake yi gaba ɗaya a awa 2,100, kuma ya fi Lycoming nauyi, sai ya rage kaya. Duk da haka, a yanayinmu ya cancanci a neme shi.

Lycoming yana kai awa 2,000 ko shekara 12 kafin garambawul. Abokin gabansa shi ne zama ba aiki: injin da ke wata biyu ba a tashe shi ba tsatsa ke cin sandar da ke buɗe bawul, musamman da damina. Darmar avgas tana toshe buji, a wanke su kowace awa 50 zuwa 100. Maganeto, wato na'urorin da ke ba buji wuta, biyu ne, ana buɗe su a duba kowace awa 500.

Cessna 182

Yayan 172 ne, ya fi shi faɗi da ƙarfi: doki 230, farfela mai canza kwana da kanta, gudu kusan kilomita 255 zuwa 265 a awa. Sabon 182T iyakar nauyinsa gaba ɗaya kilo 1,406 ne, tankinsa lita 329. Shi ne jirgin da zai ɗauki manya huɗu da gaske daga Yamai zuwa Tawa a watan Mayu, muddin ba a cika tanki maƙil ba. A jar ƙasa ma shi ne gwani cikin ukun manyan, sai dai hancinsa na da nauyi: matuƙin da ya saba dira a kan tayar gaba zai lanƙwasa bangon da ke bayan inji, gyara mai tsada. Kafin saye, wannan bango na cikin wuraren farko da makaniki zai haska da tocila.

Farashin ƙarfin nan lita 50 ne a awa. Zuwa Agadas kusan lita 150, dawowa haka. Ko da babban tanki, zuwa da dawowa ba tare da ƙari ba, zai bar ka da abin da bai kai a dogara da shi ba, balle a hunturu da iskar arewa maso gabas ke tare gaba. Ke nan sai an aika ganga ta mota tun kafin tafiya, a sami amintaccen mai tsaronta, a kwantar da ita a gefe a inuwa don kada ruwa ya shiga ta murfi.

Tsofaffin 182P suna da Continental O-470, wanda wasu nau'o'insa ke samun izinin isansin mota, amma garambawul ɗinsu a awa 1,500 ne, kuma silinda shida ce za a kula da ita maimakon huɗu. Zafin kan silinda a riƙe shi ƙasa da digiri 205 wajen hawa: a buɗe ƙofofin iskar inji, a sassauta hanci, a hau da gudu. Masu hawa a tsaye da rana tsaka su ke canza silinda tun awa 800.

Diamond DA40 NG

Ƙirar ƙasar Ostiriya. Injinsa Austro AE300 ne, doki 168, an samo shi daga injin gazuwal na Mercedes, yana shan Jet A-1, lita 20 zuwa 25 a awa. Sanda ɗaya ce ta ƙarfi, kwamfuta ke lissafin sauran. Turbo ya sa zafin Tawa bai rage masa ƙarfi kamar yadda yake rage wa Lycoming ba. Da babban tanki, kusan lita 148, yana zuwa Agadas da rabin mai. A kan ma'aunin mai kaɗai babu mai kama ƙafarsa, kuma ba banza ba kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta koma ga jiragen Diamond bayan ta daɗe tana fama da avgas.

Matsalolinsa ma na gaske ne. Fiffikensa a ƙasa yake, dogo, mita 11.6, tayoyinsa ƙanana. Yana son dogon titi mai santsi, kuma tsakuwa na cin farfelarsa. Rufinsa gilashi ne gaba ɗaya, wanda ya zauna a ciki minti goma yana jiran izinin tashi a Yamai da ƙarfe ɗaya ya san abin da ake nufi, in dai ba mai na'urar sanyaya ba ne, ita kuma tana cin kilo. Jikinsa na zaren gilashi da kabon ne, ba ya tsatsa, amma rana na gajiyar da shi, rumfa dole ce, kuma in ya tsage ba kowa ke iya ɗinke shi ba.

Babbar magana ita ce gyara. Injin ba ya aiki sai da wuta, don haka batir da na ko-ta-kwana suna da wa'adin canji da ba a wasa da shi. Famfon mai, akwatin giya da wasu sassa kowanne da awoyinsa, injin kansa awa 1,800. Ana bukatar makanikin da ya yi horo a kan wannan inji, da kwamfutar karanta shi. In babu shi a kusa, ƙaramar fitila ta kunnu a allo sai jirgi ya yi makonni a ƙasa ana jiran baƙo daga waje. A nemi wannan mutum, a san sunansa da kuɗin zuwansa, kafin a biya ko dala. Kuma Jet A-1 da ya daɗe da ruwa a ƙasan tanki yana haifar da wata dauɗa mai yauƙi da ke toshe matata. Tatsar tanki kafin kowane tashi ba zaɓi ba ne.

ULM

Kujera biyu, kusan kilo 500 gaba ɗaya bisa dokar Faransa, inda yawancinsu ke fitowa. Savannah na Italiya, Tétras na Faransa da Zenith su ne sanannu a filayen ƙasa. Injinsu Rotax 912 ne, lita 15 zuwa 18 na isansin mota a awa, garambawul a awa 2,000 ko shekara 15, dukkan tiyo da roba a canza su duk shekara 5. A lura: 912 ULS mai doki 100 yana bukatar isansi mai oktan 95 (ma'aunin ingancin isansi ke nan), shi kuwa 912 UL mai doki 80 ya yarda da 90. A san oktan ɗin man da ake samu kafin a zaɓi inji, don man da bai kai ba yana fasa fistan a hankali, ba tare da matuƙi ya ji ba.

Yana tashi a mita 200, yana sauka a gona. Gudunsa kusan kilomita 160, tankinsa lita 70 zuwa 80. Tawa awa biyu da minti ashirin, Agadas kai tsaye ba ta yiwuwa. Da hantsi ya ɗaga, iska mai zafi tana wujijjiga shi kamar kwale-kwale a kogin Isa, guguwar gaban hadari kuma tana iya kifar da shi a inda aka ɗaure shi. Ƙa'idar rajistarsa da inda aka yarda ya je, a karɓo su a rubuce daga ANAC tun jirgin bai shiga kwantena ba.

A taƙaice cikin jadawali

Farashin na tsofaffin jirage ne masu lafiya a kasuwannin Turai da Amurka, kimantawa ce kawai don kasuwa na motsi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Kuɗin kawowa, duwan da rajista suna kan wannan.

| | 172 (tsoho) | 182 (tsoho) | DA40 NG | ULM |
|---|---|---|---|---|
| Saye, miliyan sefa | 45–85 | 70–130 | 200–300 | 25–65 |
| Mai | avgas, wasu isansi | avgas, wasu isansi | Jet A-1 | isansi |
| Lita a awa | 30–38 | 48–52 | 20–25 | 15–18 |
| Yamai–Tawa | awa 1 da minti 50 | awa 1 da rabi | awa 1 da minti 40 | awa 2 da minti 20 |
| Manya a bazara | 2–3 | 4 | 3 | 2 |
| Jar ƙasa | yana iyawa | ya ƙware | ba ya so | ya ƙware |
| Samun makaniki | sauƙi | sauƙi | wuya | matsakaici |
| Gudun taɓa ƙasa, km a awa | kusan 90 | kusan 90 | kusan 110 | ƙasa da 70 |

Abin da ke kan kowa

Kuɗin awa ba mai kaɗai ba ne. A raba kuɗin garambawul da awoyin inji: in miliyan 24 ne a awa 2,000, jika 12 ke nan da za a ajiye gefe duk awar da aka tashi. Haka farfela. Sannan akwai abin da ake biya ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba: inshora, rumfa, binciken shekara, sabunta takardu. A karanta takardar inshora da kyau, da yawa suna cire yankunan da ke da matsalar tsaro, kuma wasu sassan jihohin Tawa, Tilaberi da Difa sun daɗe cikin dokar ta-ɓaci. Tashi zuwa can sai da izinin hukuma. Wani abin da ake mantawa: miƙaƙƙen layi daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram yana ratsa arewacin jihar Sakkwato, sararin Najeriya ke nan, ko a nemi izini ko a kewaya ta Ƙonni.

Ƙura tana cin inji ta matatar iska. A hunturu a duba ta kafin kowane tashi, a rage wa'adin canjin baƙin mai zuwa awa 25. A toshe bakin inji da bututun auna gudu duk lokacin da aka ajiye jirgi, don zanzaro na iya gina ɗaki a cikin bututun a yini ɗaya, allura ta ƙi motsi bayan an riga an ɗauki gudu. Mai jirgin avgas ya tsaya da kansa lokacin zuba mai: kananzir a tankin Lycoming yana barin jirgi ya tashi, sannan ya kashe injin a sama.

Tuƙi da ido yana bukatar a hango kilomita 5. Hazon Disamba zuwa Fabrairu yakan rage shi ƙasa da haka kwana da kwanaki, hadarin Yuni zuwa Satumba kuma daga gabas yake tasowa da bangon ƙura a gabansa, ba a ratsa shi, ba a tsere masa da ULM. Doka ta ce a sauka da man minti 30 a tanki. Inda filin da ke kusa yake kilomita 200, a mayar da shi awa ɗaya da rabi. Ruwan sha na kwana biyu, wayar tauraron ɗan adam, na'urar kiran ceto mai aiki a zangon 406 MHz, da takardar tafiya da aka ajiye wa ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirga a sararin sama, duk tafiya. Lasisin tuƙi na ƙashin kai yana bukatar aƙalla awa 40 zuwa 45 na koyo da takardar likita, lasisin da aka samo a waje sai ANAC ta amince da shi, kuma ba ya halatta ɗaukar fasinja don kuɗi.

Wane jirgi ga wa

Wanda tafiyarsa tsakanin manyan filaye ce masu kwalta, Yamai, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Agadas, yana da kuɗin saye, kuma ya riga ya ƙulla yarjejeniya da makanikin Austro: DA40 NG. In makanikin bai tabbata ba, ko kuɗin bai kai ba, 172 mai CD-155 ya fi kusa, ko da yake shi ma yana son wanda ya san injinsa.

Mai ɗaukar mutum huɗu da kaya zuwa filin ƙasa, wurin aikin rijiya ko asibitin karkara, 182 ne jirginsa, da sharaɗin kamfaninsa na da motocin da ke kai ganga gaba. Ba tare da wannan ba, ƙarfinsa na banza ne.

Sabon matuƙi mai son tara awoyi, shi da mutum ɗaya, Yamai zuwa Tawa da asuba: tsohon 172 mai izinin isansi, a haɗa hannu mutum biyu ko uku don injin ya riƙa aiki. Mai kewaya gona ko garke cikin kilomita 200 daga gida, a sanyin safiya, ULM ya ishe shi.

Wanda kuma ya lissafa tafiye-tafiyensa na shekara bai kai awa 100 ba, hayar jirgi da matuƙinsa duk lokacin da bukata ta taso ta fi masa sauƙi, don kuɗin rumfa, inshora da binciken shekara in aka raba su a kan ƴan awoyi kaɗan suna iya fin kuɗin mai.